An Ce In Koya Wa Wanda Zai Maye Gurbina Aiki Kafin A Sallame Ni

Assalamu alaikum Yaya, barka da ƙoƙari. Shekaruna 47, shekara 19 ke nan ina zaune a Amurka, da mata da 'ya'ya uku. Na yi shekara 11 a sashen kwamfuta na wani rukunin asibitoci. Ni nake kula da hanyar da sakamakon gwajin jini yake bi daga ɗakin gwaji ya shiga fayil ɗin majiyyaci. Watan jiya aka tara mu ta bidiyo, cikin minti goma sha biyar aka gama magana: an ba wani kamfanin waje kwangilar aikinmu, saura mana wata uku. Sharaɗin kuɗin sallama shi ne mu zauna har ranar ƙarshe, mu koya wa waɗanda za su karɓa. Kullum bayan asuba ina zama da wani yaro da ke Indiya, ina nuna masa abin da na kwashe shekaru ina ginawa, yana ɗaukar muryata. Akwai gyare-gyaren da ba wanda ya san su sai ni, kuma zuciyata tana raya mini in yi shiru a kansu, in abin ya lalace su gane kurensu. Matata tana da ciwon suga, a kan inshorata take. Hajiya a gida ba ta sani ba, ga shi ni nake aika kuɗin cefane da na makarantar marayun yayana, ga gini na bari a linta. Ba na barci. Yaya zan yi?

Ƙaninki, daga Amurka

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu, Allah Ya musanya maka da mafi alheri. Ba zan ce maka kada ka ji haushi ba, don abin da aka yi muku shi ne a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta, sannan a ce kwauren ya tsaya ya koya wa sabuwar ganga kiɗa. Duk wanda ya ce maka wannan ba ciwo, bai taɓa shiga ba.

Amma bari in fara da shirun nan da zuciyarka take raya maka, don shi ne ya sa na ajiye sauran wasiƙu na ɗauki taka.

Na yi sama da shekara ashirin ina aikin nas a ƙasar nan, yawanci kwanan dare. Akwai wani dare da ba na mantawa. Wani dattijo ne mai ciwon ƙoda, mun ɗebi jininsa wajen ƙarfe ɗaya, muna jiran mu ga yawan sinadarin fotasiyam, wanda in ya hau da yawa yakan tsayar da zuciya ba sallama. Ƙarfe biyu ba sakamako. Biyu da rabi shiru. Na ɗauka ɗakin gwaji ne suka yi cunkoso, na ci gaba da raba magani. Sai da na kira su aka ce ai tun tuni an gama, sakamakon ya fita daga wajensu. Ashe ya maƙale ne a hanya, shi da na wasu marasa lafiya, ba ya wajensu ba ya wajenmu. Mai gwajin ta karanto mini lambar ta waya, na rubuta a bayan safar hannuna don ba takarda kusa, na ruga neman likita. An yi sa'a an tari abin. Shi kuwa mutumin kwamfuta da aka tasa daga barci, cikin minti goma ya buɗe hanyar, don ya san inda take toshewa. Har na bar asibitin ban taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa kawai na sani, irin ta wanda bai gama farkawa ba.

Irin aikinka ke nan. To ka tambayi kanka, ranar da gyaran da ka ɓoye zai tashi, wa zai kasance a wurin? Wanda ya sa hannu a kwangilar yana gida yana barci, wataƙila ma ya ci kyautar rage kashe kuɗi ya koma wani kamfani. Waɗanda za su kasance a wurin su ne nas irina, da dattijo irin wancan, da 'yarsa da ke gyangyaɗi a kujera. Su ba su kore ka ba, ba su ma san kana duniya ba.

Mun riga mun ga yadda asibiti yake komawa in na'urorinsa suka kwanta. A watan Mayun 2024 masu kutse suka shiga kwamfutocin Ascension, rukunin da ke da asibitoci kusan 140 a lokacin. Aka koma biro da takarda, aka riƙa karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitocin, aka yi makonni kafin abubuwa su daidaita. Nas ɗin da ta saba ta haska abin hannun majiyyaci, na'ura ta ce mata maganin nan ba nasa ba ne, sai ta wayi gari ba mai yi mata wannan gargaɗin. Wancan aikin ɓarayi ne daga waje. Kai kuwa ɗan gida ne da aka ba amana.

Ga kuma doka, wadda ba ta san haushi ba. A 2008 wani ma'aikacin birnin San Faransisko mai suna Terry Childs ya ƙi miƙa kalmomin sirrin babbar hanyar sadarwar birnin ga shugabanninsa, don yana ganin ba su cancanta ba. Sai da magajin gari na lokacin, Gavin Newsom, ya je har inda ake tsare da shi ya karɓa. A 2010 aka yanke masa shekara huɗu. Na san naka bai kai nan ba, kai shiru kawai kake tunani. Amma shiru kan abin da aka tambaye ka kai tsaye, a aikin da ya shafi rai, yana iya cinye kuɗin sallamar taka, ya kuma bi ka duk inda ka je neman aiki. Duniyar masu kwamfutar asibiti ƙarama ce, ka fi ni sani. Manajan da zai ɗauke ka gobe ya yi aiki da wanda kake yi wa aiki yau.

Abin da nake so ka yi shi ne ka juya abin gaba ɗaya. Ka zauna ka rubuta duk gyaran nan, ɗaya bayan ɗaya: me yake yi, me ya sa ka yi shi, me zai faru in ya karye, wa za a kira. Sannan ka rubuta wa manajanka ta imel ɗin ofis, cikin ladabi, cewa ga wurare kaza da kake ganin wata uku bai isa a miƙa su lafiya ba, ga kuma haɗarin da hakan zai jawo wa marasa lafiya. Ka nemi a kai maganar ga ofishin da ke kula da lafiyar majiyyata da ingancin aiki, don asibitoci suna da shi. Wannan takarda ita ce fushinka na halal. Tana faɗa musu sun yi gaggawa, tana wanke ka in wani abu ya faru bayanka, kuma ita ce hujjar da za ka riƙe in ka zo neman ƙari.

Sai dai ka kiyaye abu ɗaya da mutane suke faɗawa ciki don neman kare kai. Kada ka tura wa kanka komai daga kwamfutar ofis zuwa imel ɗinka na gida, kada ka kwafi komai a filas, kada ka ɗauki hoton allo da wayarka. Saƙonnin da kake aiki da su suna ɗauke da sunayen mutane da ranar haihuwarsu da cututtukansu, kuma dokar HIPAA ta 1996, mai kare sirrin bayanan majiyyata, a kansu take. A irin wannan lokaci ma an fi sa wa masu tafiya ido. Littafi ka samu a gida, ka riƙa rubuta kwanan wata, da wanda ka faɗa wa, da abin da ka faɗa a taƙaice. Ya isa.

Maganar ƙari kuwa, ba roƙo ba ne. Dokar tarayya ba ta wajabta kuɗin sallama ba, ciniki ne, kuma abin da suke saya shi ne zamanka har ƙarshe da sa hannunka cewa ba za ka kai ƙara ba. Tunda ciniki ne, ana tayawa. Ka tambayi ladan tsayawa daban da kuɗin sallama. Ka tambayi su biya maka inshora na wasu watanni. Ka nemi a rubuta cewa in kamfanin ya ce ya gama koyo kafin wa'adi aka sallame ka da wuri, kuɗinka ba za su ragu ba. Ka kuma nemi takardar shaidar aiki tun manajanka yana nan, don sau da yawa shi ma yana cikin jerin, ba a dai faɗa masa ba tukuna. Wani abu kuma, za su kira ka bayan ka tafi, wannan kam kusan na rantse. Ranar da suka kira, kada ka amsa tambaya a tsaye a bakin kantin Walmart don kunya. Ka ce kana farin cikin taimakawa, a aiko da yarjejeniya da farashin awa. In dai rai ne a kan layi a daren, ka faɗa musu abin da za su yi, a yi maganar kuɗi da safe.

Yaron nan na Indiya, kada ka bar jaki ka doki taiki. Na lura da yadda ka ce "yana ɗaukar muryata", na ji ɗacin. Amma ba shi ya tsara kwangilar ba. Albashinsa wani ɗan yanki ne na naka, shi ya sa ma aka kai aikin can, kuma da zarar kun tafi shi zai koma kwana a farke don rana ta yi a Amurka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ka tuna kai ma baƙo ka zo ƙasar nan, kuma tabbas akwai wanda ya kalle ka a ranar farko ya ce ga wanda ya zo ƙwace mana aiki. Ka koya masa da kyau. In ya yi maka tambayar da ta nuna bai fahimta ba, kada ka bar ta ta wuce don ka ji daɗi a ranka.

Ba a kanku aka fara ba, in hakan zai rage maka jin kamar kai ne ka gaza. A 2016 Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, wadda ke da manyan asibitoci, ta ba kamfanin HCL na Indiya kwangilar dala miliyan 50 ta shekara biyar. Ma'aikatan dindindin 49 aka sallama a watan Fabrairun 2017, bayan an sa wasunsu sun koyar da masu karɓa. 'Yan majalisa sun rubuta wasiƙu, jaridu sun yi ta bugawa, wasu daga cikin ma'aikatan sun kai ƙara, amma aikin ya tafi. Lissafin shugabannin asibiti a bayyane yake: sashen kwamfuta ba ya kawo kuɗi kamar ɗakin tiyata, a takarda kashewa kawai yake nunawa, don haka nan wuƙa take fara sauka. Abin da takardar ba ta nunawa shi ne mutumin da ya san cewa na'urar gwaji ta reshe kaza tana aiko da kwanan wata a juye, kuma shi ya sa mata ɗan gyara shekara takwas da suka wuce. A ganina wannan lissafin gajere ne, amma ba ni ko kai za mu gyara shi cikin wata uku ba.

Yanzu takardu. Kada ka sa hannu a komai ranar da aka miƙo maka. Tunda ka haura shekara 40, dokar da ta kare ma'aikata masu shekaru tun 1990 ta ba ka kwana 21 ka yi nazari, in kuma sallamar ta rukuni ce irin taku, kwana 45. Bayan ka sa hannu ma kana da kwana 7 ka janye. A sallamar rukuni dole su ba ku jerin muƙamai da shekarun waɗanda aka sallama da waɗanda aka bari. Ka karanta jerin nan da idon basira. In ka ga masu furfura aka share aka bar matasa, wannan magana ce ta lauya. Ko ba haka ba ma, ka biya lauyan ƙwadago na awa ɗaya ya duba maka takardar, ku haɗa kuɗi da abokan aikinka in takardar iri ɗaya ce. Wata ukun da aka ba ku ma ba duka ne kyauta ba: dokar WARN ta 1988 ta wajabta wa mai ma'aikata 100 ko fiye ya ba da sanarwar kwana 60 kafin babbar sallama, jihar Niyok ma 90 ta ce.

Inshorar uwargida ita ce ta fi gaggawa. Ka tambayi ofishin ma'aikata a rubuce: ranar ƙarshe take yankewa ko ƙarshen wata? Dokar COBRA tana ba ka damar ci gaba da inshorar nan har wata 18, sai dai kai za ka biya duka, naka da kason da asibiti yake biya maka, da ƙarin kashi 2 cikin ɗari. Mutane sukan razana in suka ga lambar. Kana da kwana 60 ka yanke shawara, kuma in ka karɓa tana komawa baya ta rufe tun ranar da aka yanke. In asibitinku na coci ne ka tambaya musamman, don wasu tsare-tsaren coci ba sa ƙarƙashin wannan doka. Ɗaya hanyar ita ce kasuwar inshora ta Obamacare: rasa aiki yana buɗe maka ƙofar kwana 60, ba kuma za su ƙi ta ko su ƙara mata kuɗi don ciwon suga ba. Kafin nan ta ga likitanta, a yi mata gwajin ido da na ƙoda da duk abin da ake bin ta, a rubuta mata maganin wata uku tun inshorar tana aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin rashin aiki kuma ka nema a makon da ka fita. 'Yan'uwanmu da yawa suna ƙyamar sa kamar bara, alhali haraji ne da mai aikinka ya yi shekara 11 yana biya a kanka. Jihohi da yawa suna biya har mako 26, kowace da yadda take lissafa kuɗin sallama. Asusunka na ajiyar ritaya, wato 401(k), kuwa ka ɗauke ido daga kansa, musamman don gini. In ka cire kafin shekara 59 da rabi, ga haraji ga tarar kashi 10. Ginin da ya kai linta ba ya gudu, a rufe shi da kyau kafin damina a bar shi.

Neman aiki ka fara yau, kada ka jira ranar ƙarshe. Wanda ya san yadda ake haɗa ɗakin gwaji da fayil ɗin majiyyaci, ya san HL7, yana taɓa FHIR, wato ƙa'idojin da kwamfutocin asibiti suke musayar bayanai da su, ba ya rasa masu nema: wasu asibitocin, manyan ɗakunan gwaji, kamfanonin da ke ƙera na'urorin, hukumomin lafiya na jiha. In Epic, manhajar ajiye fayil ɗin majiyyata, kuke amfani da shi, ka tabbatar shaidarka ba ta mutu ba, ka kuma ƙarasa duk jarrabawar da ta rage tun kana ƙarƙashin asibitin, tunda yawanci sai da mai aiki ya tsaya maka ake samunta. Kamfanin da ya karɓi kwangilar ma yana iya yi maka tayi. Ba haramun ba ne ka karɓa, amma ka tambayi shekara nawa suka lamunce, da ko karɓar tana soke kuɗin sallamarka.

Saura gida. Ka ce Hajiya ba ta sani ba, amma ba ka ce mini uwargida ta sani ba, kuma na daɗe ina karanta wasiƙun maza har na san abin da irin wannan tsallake yake nufi. In ba ka faɗa mata ba, daren yau. Matar da take kwana kusa da mutumin da ba ya barci ta riga ta san akwai wani abu, kuma abin da take zargi ya fi gaskiyar muni. Ita ce kuma mai ciwon, tana da haƙƙin ta san ranar da katinta zai daina aiki. Ku zauna da biro ku ga wata nawa abin hannunku zai kai ku. In rashin barcin ya wuce mako biyu nan gaba, ka ga likita kai ma tun kana da inshora, asibitoci da yawa ma suna da masu ba ma'aikata shawara kyauta a asirce.

Hajiya kuwa, na san abin da kake tsoro. Ba ita kaɗai za ta ji ba, kuma a gida wanda yake Amurka ba a yarda yana rasa aiki. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka yi shiru, za ka ci gaba da aika abin da ka saba daga katin bashi mai ruwa, buƙatu kuma za su ci gaba da zuwa yadda suka saba, don ba wanda ya san an sauya. Ba sai ka ba ta labarin Indiya da kwangila ba. Ka kira ta ranar Juma'a bayan ta idar da salla, ka gaisa da ita sosai, sannan ka ce: "Hajiya, wurin aikinmu za su rage mutane nan da wata biyu, ina ciki. Ina neman wani, kuma akwai alamun samu. Cefanenki da maganinki ba za su tsaya ba in Allah Ya yarda, na makarantar yara ma zan ƙoƙarta, amma gini da sauran hidimomi a dakata tukuna. Ki sa ni a addu'a, kuma maganar ta tsaya tsakaninmu." Sannan ka kira ƙaninka ko wanda yake karɓar kuɗin, ka faɗa masa adadin da zai riƙa zuwa daga wata mai kamawa, da lamba, don kada ya ɗauka wasa kake.

In takardar sallamar ta fito, ka rubuto mini abin da ta ce game da ranar yankewar inshora da sharaɗin tsayawa, ba tare da sunan asibitin ba. Ka gaida uwargida, ka ce ina yi mata sannu da jiki.

Yayarka